Shawarwarin da aka bai wa ƙaramar hukuma kan tsaftar Haɗeja

A hirar da muka yi da dattawa da matasan unguwa, batun magudanar ruwa ne ya fi cin lokaci. Duk wanda ya ga ambaliyar 2020 ya san dalili. Kusan kowa ya yarda cewa a yashe kwalbatoci tun watan Mayu, kafin ruwan fari. Wani malami ya ƙara da cewa a kwashe dagwalon a ranar, domin in aka tara shi a bakin lambatu, ruwa ɗaya zai mayar da shi ciki. Ni ma nan na fi ba wa ƙarfi; na sha ganin ledar fiyawota da buhunan da aka yaso jiya sun koma inda aka ciro su.

Masunta suka ce a ci gaba da sare ciyawar kachala a kogi, don ita ke tare hanyar ruwa.

Mata sun nemi a ware wurin zuba shara kusa da gidaje, a kuma dawo da duba-gari. Kan dashen darbejiya kuwa, shawara ita ce kowane dashe a damƙa shi ga gida guda, a kewaye shi da ƙaya saboda awaki.