Kulochin da na sa da hannuna ya fara santsi bayan wata biyu

Mai tambaya, daga Garwa:
Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar Toyota Corolla mai giyar hannu. Wata biyu da suka wuce, ni da ƙanena muka sauke giyabos a ƙofar gida, muka sa sabon faifan kulochi da farantin matsi da boris ɗin da ke danna farantin idan an taka feda, motar kuma ta yi ta aiki lafiya lau. Makon jiya, a hawan dutsen nan da ke kafin Ngaundere, na taka totur, injin ya yi ta ƙara amma motar ta ƙi ja, ƙauri ya cika ciki. Da sassafe ba ta yin haka, sai ta yi zafi. Ban taɓa fulawil ba, wato ƙarfen inji da faifan ke mannewa a jikinsa, ban canza sil ɗin bayan inji mai hana mai yoyo ba, sai dai na ɗan tsawaita sandar feda saboda kulochin yana kamawa daga ƙasa sosai. Jabun kaya aka sayar mini, ko ni na yi kuskure?

Wani mamba, daga Kuseri:
Malam, jabu ya cika kasuwa. Ka mayar wa mai shago kayansa kawai.

Tsohon makanike, daga Marwa:
Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka ɗora wa mai shago laifi tukuna. Ni sandar nan da ka tsawaita nake zargi. Kulochin motarka na mai ne, kuma a cikin famfon sama, wanda sandar feda ke turawa, akwai wata 'yar ƙofa da man ke bi ya koma kwalbarsa idan ka ɗaga ƙafa. Idan sandar ta yi tsawo, ƙofar tana zama a toshe, sai man ya ɗauki zafi ya kumbura, ya riƙa tura boris kamar ka ɗora ƙafa a kan feda alhali ba ka ɗora ba. Da zafin Garwa kuwa, ba sai an yi nisa ba.

Ka danna fedar da yatsa. Ya kamata ta yi wasa kamar milimita 5 zuwa 15 kafin ka ji nauyi. Idan babu wasan, ka sassauta noti ka rage sandar. Bayan motar ta yi zafi, ka ja birkin hannu a fili inda babu kowa a gabanka, ka sa giya ta uku, ka saki kulochi a hankali. Lafiyayyen kulochi yana kashe inji nan take. Sau ɗaya ya isa, maimaitawa cin faifai ne.

Direban babbar mota, daga Ngaundere:
Na yarda da Baba, amma ɗan'uwa, ka leƙa ƙarƙashi inda inji ya haɗu da giyabos. Idan ka ga baƙin mai, sil ɗin inji ne ke yoyo, idan kuwa man yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, na giya ne. Faifan da ya sha mai ba ya wankuwa, ko da fetur. Haka ma giris idan an cika shi a haƙoran sandar giyabos da faifan ke zama a kanta, juyawa tana watsa shi kan faifai.

Mai tambaya:
Na gode. Na leƙa ƙarƙashi, wurin a bushe yake ƙamas. Fedar kuwa ba ta da wasa ko kaɗan. Na rage sandar, na yi gwajin da zafi, injin ya mutu. Baba, sai na sake sauke giyabos ɗin?

Tsohon makanike:
A'a, ka bar shi. Ka yi mako guda kana tafiya ba tare da lodi ba. Idan ka ji motar tana karkarwa wajen tashi, ko santsin ya dawo a giya ta huɗu, to ƙaurin nan ya riga ya ƙona fuskar faifan. A lokacin ne za ka sauke, ka kai fulawil wurin masu injin sassaƙa ƙarfe su gyara fuskarsa, ka canza sil ɗin tun da hannunka ya riga ya kai wurin.