Wane suna ya dace da aikin neman cuta a ruwan kwata?

'Yan uwa ma'aikatan lafiya da masu fassara labarai, akwai aikin da ake kira "wastewater surveillance" a Turance, wanda har yanzu kowa da sunan da yake ba shi a Hausa. Aikin shi ne a riƙa ɗibar ruwan magudana lokaci-lokaci, a ajiye shi cikin ƙanƙara, a kai ɗakin gwaji domin a gano ƙwayar cutar da ke yawo a unguwa. A Najeriya an fara shi a Kano a 2011 saboda shan inna, domin cikin yara kusan 200 da suka kamu ɗaya ne ke shanyewa, sauran kuwa suna fitar da ƙwayar a bahaya har tsawon makonni ba tare da kowa ya sani ba.

Masu cewa "sa ido kan muhalli" sun bi ɗaya sunan aikin na Turanci, wato "environmental surveillance", sau da ƙafa, amma mai sauraron rediyo zai zaci batun sare itatuwa ake yi. Wanda ya fi damuna shi ne duk sunan da ke da ƙanshin leƙen asiri, domin ba mu manta yadda zargi ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003 ba, kuma ma'aikacin da zai tsaya bakin lambatu da sassafe yana ɗibar ruwa yana buƙatar amincewar mai unguwa da jama'arsa.

"Dagwalo" ma bai wadatar ba, saboda ya haɗa da ruwan masana'antun jima na Sharaɗa da Calawa, alhali sinadaran irin wannan ruwa suna iya lalata ƙwayar da ake nema. Abin da ake so shi ne ruwan da ya fito daga gidajen mutane, kuma a garuruwanmu da ba su da bututun ƙarƙashin ƙasa irin na Landan, kwata ce ke ɗauke da shi.

Shawarata ita ce "bin sawun cuta a ruwan kwata". Bin sawu aiki ne na haƙuri da maimaitawa, sannan sunan ya nuna cuta ake bi, ba mutum ba, tunda gwajin ba ya bayyana gidan da ƙwayar ta fito. Sunan zai kuma dace da neman ƙwayar kwalara da ta taifot. A kanun labarai ana iya taƙaitawa a ce: "Bin sawu a kwata ya gano ƙwayar shan inna."