Sabar ta ƙi aika imel ta asusun Gmail, saƙonni sun maƙale a layi

Ma'ajin-adashi:

Assalamu alaikum. Ina kula da wata ƙaramar sabar, wato kwamfutar da ke aiki a kan intanet, da ƙungiyarmu ta adashi ta ɗauka haya, tana aiki da Ubuntu 22.04, kuma a kanta manhajar lissafin mambobi take. Abu biyu kawai muke so ta yi: ta riƙa aiko mini da rahoto kowane dare bayan ta kwafi bayanai ta adana, sannan idan mamba ya manta kalmar sirrinsa ta aika masa da saƙon sauyawa.

Na ɗora Postfix, manhajar aika imel, na bar shi yadda ya zo, na aika saƙon gwaji, na ji shiru. Da na buga umarnin mailq sai na tarar da saƙonnin jere a layi, kowanne da bayanin cewa an jira amsa a ƙofa ta 25, wato mashigar da sabobin imel ke miƙa wa juna saƙo, har lokaci ya ƙare. Daga nan na yanke shawarar bi ta asusun Gmail na ƙungiya, na sa relayhost = smtp.gmail.com:587, wato sabar da Postfix zai miƙa wa saƙonni ta kai su, na rubuta adireshi da kalmar sirri a fayil ɗin sasl_passwd. Yanzu abin da nake gani a kundin ayyukan imel, wato /var/log/mail.log, shi ne "No worthy mechs found". Don Allah a ina na kauce?

Tsohon-hannu:

Wa alaikumus salam, Malam. Matsalarka ta farko ba daga gare ka take ba. Kamfanonin hayar sabar da yawa suna toshe fita ta ƙofa ta 25, domin ta nan masu watsa saƙonnin banza suke bi, kuma ko da an buɗe maka ita, sabuwar sabar da ba a san ta ba takan sha wuya kafin manyan gidajen imel su karɓi saƙonta. Saboda haka shawarar da ka yanke daidai ce. Sai dai ka fahimci cewa matsayin sabar ya sauya ke nan: da ita ce mai kai wasiƙa gida gida, yanzu kuwa ta koma kamar wayarka, wadda take shiga asusu da suna da kalmar sirri, ta miƙa saƙo ta ƙofa ta 587, Gmail ya kai.

Kuskuren da kake gani yana nufin Postfix da Gmail ba su sami hanyar tantancewa da dukansu suka yarda da ita ba, kuma dalilai biyu ne suka fi jawo shi. Ko dai ba a ɗora libsasl2-modules ba, ko kuma Postfix yana nan a kan tsarinsa na asali, wanda ya hana shi amfani da hanyoyin da ke miƙa kalmar sirri kai tsaye, alhali irin waɗannan ne za ka bi da su a Gmail. Ka ɗora wancan kunshin, sannan ka tabbatar waɗannan layukan suna cikin /etc/postfix/main.cf:

relayhost = [smtp.gmail.com]:587
smtp_sasl_auth_enable = yes
smtp_sasl_password_maps = hash:/etc/postfix/sasl_passwd
smtp_sasl_security_options = noanonymous
smtp_tls_security_level = encrypt
inet_interfaces = loopback-only

Layi na huɗu ne ya ɗage hanin, na biyar kuma shi ne ya sa ɗagewar ba ta da haɗari, domin Postfix ba zai furta kalmar sirri ba sai an rufe hanyar tsakaninsa da Gmail. Na ƙarshe yana hana sabar sauraron kowa daga waje, tunda aikawa kawai kuke buƙata.

Bari in riga ka faɗin abin da zai biyo baya. Kalmar sirrin da kake shiga asusun da ita ba za ta yi aiki ba, domin tun 30 ga Mayu, 2022 Google ya daina karɓar ta daga irin waɗannan manhajoji a asusun Gmail na kyauta. Dole ka kunna tantancewa mai mataki biyu, sannan ka ƙirƙiri kalmar sirri ta musamman domin manhaja, mai haruffa 16, ita za ka sa a fayil ɗin. Idan ka ga lamba 535-5.7.8 a kundin, to wannan ce.

Ma'ajin-adashi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bi matakan ɗaya bayan ɗaya, na sake kunna Postfix, na buga postqueue -f domin a tura abin da ke jira. Nan take layin ya zama fayau, har na fara murna, amma ga shi an wuce awa guda babu saƙo ko ɗaya da ya iso, na duba har akwatin saƙonnin banza. A kundin kuwa kowane layi yana ɗauke da status=bounced tare da "530-5.7.0 Authentication Required".

Tsohon-hannu:

A nan ina da nawa laifin, domin na sa ka ƙara baka biyu, wato [ da ], a relayhost ban ce ka ƙara su a sasl_passwd ba. Amfanin bakan shi ne su hana Postfix neman bayanan MX na wannan suna, wato bayanan da ke nuna sabar da ke karɓar wasiƙunsa, ya tafi wurinsa kai tsaye. To amma idan ya tashi ɗauko kalmar sirri yana neman layin da ya dace da abin da ke relayhost, kuma naka yana farawa da smtp.gmail.com:587 babu baka, sai bai same shi ba. Shi kuwa Postfix idan bai sami kalmar sirri ba, ba ya tsayawa. Yana ci gaba ne ba tare da ya gabatar da kansa ba, Gmail kuma ya kore shi.

Ka gyara farkon layin ya zama [smtp.gmail.com]:587, ka bar sarari, sai adireshi da kalmar sirri da ɗigo biyu a tsakaninsu. Bayan haka ka buga postmap /etc/postfix/sasl_passwd, kuma ka riƙa maimaita shi duk sanda ka taɓa fayil ɗin, domin Postfix ba rubutunka yake karantawa ba, sasl_passwd.db da postmap ke samarwa yake karantawa. Ka sa wa fayilolin biyu chmod 600.

Saƙonnin da suka fita daga layi kuwa sai haƙuri. Gazawar wucin gadi takan sa Postfix ya riƙe saƙo yana sake gwadawa har kwana biyar, amma amsa mai lamba 530 ƙi ce ta dindindin, shi ya sa ya mayar da su. Nan gaba ka gwada da saƙo ɗaya, kada ka yarda sai ka ga status=sent da idonka.

Malama-mai-Linux:

Ina da ƙari a kan abin da Malam ya faɗa, wanda ya shafi bayan an yi nasara. Gmail zai sauya adireshin mai aikawa ya mayar da shi na asusun da aka shiga da shi, sai fa idan an yi rajistar wancan adireshin a cikin asusun an kuma tabbatar da shi. Ke nan idan manhajarku tana aikawa da adireshi mai sunan shafin ƙungiya, mambobi na Gmail ɗin za su gani, kuma can amsarsu za ta koma.

Na biyu, asusun kyauta yana da iyakar saƙo 500 a rana, na Google Workspace kuma 2,000. Rahoton dare da sauya kalmar sirri ba za su kai ko kusa ba, amma na san halin ƙungiyoyi: ran da shugabanni suka ji sabar tana aika imel, za su ce a tura wa kowa sanarwar taro. Idan aka kai nan, gara ku koma ga kamfanin da aikinsa ke nan, ku tsara SPF da DKIM da DMARC, wato hanyoyin tabbatar da cewa saƙo daga gare ku ya fito, a kan sunan shafinku, musamman tunda daga Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsananta sharuɗɗan tantance masu aikawa.

Abin da ya fi damuna shi ne asusun ƙungiya da ka yi amfani da shi. Wannan kalma mai haruffa 16 ba aikawa kaɗai take buɗewa ba, ana iya karanta wasiƙun asusun da ita, ga ta kuma a rubuce a fayil a kan sabar. Ka buɗe sabon asusu wanda babu komai a cikinsa domin wannan aiki.

Ma'ajin-adashi:

Alhamdu lillahi, na gyara layin, na buga postmap, saƙon gwaji ya iso kafin in ajiye waya, kundin kuma ya nuna status=sent. Malama, na karɓi shawararki: na buɗe sabon asusu, na soke kalmar da na ƙirƙira a tsohon. Mambobi uku da saƙonsu ya salwanta na kira su ɗaya bayan ɗaya na ce su sake nema. Rahoton dare ne ya rage, shi kuma har yanzu zuwa root, asusun mai kula da sabar, yake tafiya, don haka zan sa adireshina a /etc/aliases, in buga newaliases, in ga abin da zai iso gobe da asuba.