Wata bakwai da aure bai taɓa ce min "ina sonki" ba, yanzu kuma ya zare katin dikoda

Amaryar Bana:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Don Allah kar a zage ni, da ƙyar na iya rubuta wannan, tun jiya nake rubutawa ina gogewa.

Mu tara ne a gidanmu a cikin garin Kano, ni ce ta huɗu. Tun ina ƙarama, da an yi Isha'i ɗakin Umma muke cika mu yi kallo. Yayata ce take zuwa wajen masu tura fim ta ciko memori da Indiya mai fassarar Hausa. Da aka buɗe Arewa24 a 2014 ina aji ɗaya na sakandare, daga nan ba wani shiri mai dogon zango da ya wuce ni. Ina sakandaren na haɗu da wani, malami ne a wata makarantar kuɗi. Shekara biyu muka yi. Kullum da asuba saƙonsa ne yake tashina, in na yi ciwon kai sai ya kira sau biyar, akwai sunan da ya sa min wanda ba mai kirana da shi sai shi. Ranar da na gama jarrabawa ya tako da ƙafa cikin ruwan sama ya kawo min littafi da turare. Da Baba ya ce ya fito, sai ya nemi a ƙara masa shekara ɗaya. Baba ya ce ba zai jira ba. Haka aka rabu.

Wanda na aura ɗan abokin Baba ne, yana sayar da atamfa a Kwari. Ba dole aka yi min ba, ni na amsa. Bai taɓa zagina ba, ci da sha ba abin da na rasa. Amma ya fita bakwai da rabi, ya dawo bayan Magariba, ya ci abinci, ya kunna rediyo yana lissafi a littafinsa, ya kwanta. "Ke" yake ce min. Ranar da na cika shekara 23 na yi lalle na yi kwalliya na jira shi, da ya shigo sai ya ce "biki za ki ne?" Na taɓa cire kunya na tambaye shi ko yana sona, ya ce "to me kike yi a gidana?"

Shekaranjiya ya dawo ya same ni ina kallo ina kuka, tuwo bai sauka ba. Ya zare katin dikoda ya sa a aljihu, ya ce fim ne yake ɓata min tunani. Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. In tafi gida ne, ko yaya zan yi? Ji nake kamar na yi asarar rayuwata.

Hajiya Babba:
Wa alaikumus salam. 'Yata, ki buɗe kunnenki. Shekarata 31 a ɗakin mijina, 'ya'ya bakwai, har gobe Alhaji bai taɓa ce min yana sona ba, kuma ban rame ba. Kada ki ɗauka ku kuka fara kallon Indiya. Mu ma mun kalla a CTV tun kafin a mai da ita ARTV, mun karɓo kaset haya, yayyenmu maza har sinimomin Plaza da Marhaba suke zuwa. Amma da an kashe talabijin mun san an gama. Ku kuwa a waya kuke kwana da shi ku tashi da shi. Kallon kitse kike yi wa rogo. Miji ya ciyar da ke, ya tufatar da ke, bai dake ki ba, bai zage ki ba, a wannan tsadar, ki ce za ki gida? Ki je ki ce wa Babanki me? Ki tashi ki tuƙa tuwonki ki ba shi haƙuri.

Maman Sultan:
Hajiya ta gama magana. Ni nawa irin na fim ɗin ne na aura. Baki kamar zuma, "rayuwata", "hasken idona", har waƙa ya sa aka yi mana a situdiyo lokacin biki, da sunana a ciki. Wata huɗu da tarewa na fara sai da kayan ɗakina muna cin abinci. Firij ya tafi, kujeru suka tafi, sarƙar da Innata ta ba ni ta tafi. Ranar da na haihu yana can yana yi wa wata irin kalaman da ya yi min. Yau shekara uku ina gidanmu da yaro, ko sabulu bai taɓa aikowa ba. Na kai ƙara, an yanka masa abin da zai riƙa bayarwa, sau biyu ya kawo ya daina. Wallahi in na tuna waƙar nan har yanzu zuciyata tafasa take.

Amaryar Bana:
Allah ya saka miki Maman Sultan. Amma Hajiya, ni ba mota ko gidan sama na ce ya ba ni ba. Magana ce fa kawai. Kuma tuwon nan sau ɗaya ne ya taɓa makara a wata bakwai.

Anti Mai Kwalliya:
Ƙanwata, bari in faɗa miki abin da na gani da idona, don na yi shekara uku ina yi wa 'yan wasa kwalliya a lokeshan kafin in yi aure. Gidan da kike gani mai falo biyu, haya ake karɓa na kwana ɗaya ko biyu. Motar aro ce. Waƙar da jarumi yake rera wa jaruma ba muryarsa ba ce, mawaƙi ya riga ya yi ta a situdiyo, shi baki kawai yake bi ana kunna masa. Kalmar soyayya ɗaya za a maimaita ta sau goma, darakta yana cewa a sake, su kuma da an ce an yanke kowa ya ɗauki wayarsa, wani lokacin ma ba sa ga maciji da juna.

Akwai kuma abin da mutane ba su lura da shi ba. A fim ɗinmu namiji ba ya taɓa mace, ko hannu ba ya riƙewa, ko da a labarin miji da mata ne. Tun 2001 akwai hukumar tace fina-finai a Kano, kuma ko ba hukuma masu kallo ba za su yarda ba. To ta yaya za a nuna miki yana sonta? Dole komai ya koma baki: kalamai, kirari, waƙa, kallo. Shi ya sa jarumin fim ba ya rufe baki. Shi ba shi da wata hanyar. Mijinki kuwa yana da hanyoyi da yawa da kyamara ba ta ɗauka. Kuma ki lura, yawancin labaran a wahalar neman aure suke ƙarewa. Wata na bakwai, lokacin da iskar gas ta ƙare kuma kuɗin haya ya zo, ba kasafai ake ɗaukarsa ba.

Malama Ummu Hani:
Na yarda da Anti a kan yadda ake haɗa fim, amma ina roƙon a yi wa yarinyar nan adalci. Son jin kyakkyawar kalma daga miji ba Indiyawa ne suka kawo shi ba. Amru ɗan Asi ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wa ya fi so a cikin mutane, ya ce A'isha, a fili ya faɗa. Yana kiranta "A'ish" don tausasawa. Ya yi tsere da ita. Yana sa bakinsa a inda ta sa nata a ƙoƙo ya sha. Mazanmu sun haddace hadisan biyayya, waɗannan kuma ba a cika karanta musu su ba. Abin da muke kira kunya da kara, wani lokacin rowar baki ce. Shawarata, kada ki tafi gida, amma kada ki haɗiye. Ki samu lokacin da ya huta ki faɗa masa abin da ke ranki, ba tare da kin kawo sunan fim ko wani jarumi ba.

Hajiya Babba:
Malama, ba mai musun hadisi. Amma ki duba yarinyar da kike zugawa. Layi nawa ta yi tana ba mu labarin malamin makaranta da ruwan sama, layi nawa ta yi a kan mijinta? Ni na aurar da 'ya'ya huɗu, na san inda irin wannan maganar take dosa. A 2023 gwamnatin Kano da Hisba ma'aurata 1,800 suka ɗaura wa aure a auren gata, da yawa zawarawa ne. Ki tambaye su daɗin zaman gida. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.

Abu Hanif:
Ku yi haƙuri, namiji ne zai sa baki. Shekara biyu ina neman aure. Duk wadda na je, sai an kawo min zancen hoton kafin biki, da dina a ɗakin taro, da akwati saiti biyu, wata har zobe ta ce in durƙusa in sa mata a gaban ƙawayenta. A gidan wa aka taɓa yin haka? Albashina ko kuɗin ɗakin taron bai kai ba. Tun da aka cire tallafin mai kuɗin mota kaɗai ya cinye rabin abin da nake samu. Mutum ya wuni a kasuwa yana ciniki da jama'a har muryarsa ta dishe, ya dawo a ce sai ya yi waƙa. Mu ma fa ba wanda yake tambayarmu ko mun gaji.

Maman 'Yan Biyu:
Malam Abu Hanif, ku ma ai fim ɗin ya shige ku. Nawa mijin so yake kullum ya tarar da ni kamar jarumar da aka yi wa awa biyu ana kwalliya, ga tagwaye a hannu, ga wanki, ga ba wuta. Hajiya kuma ki yi haƙuri, kin ce ba ki rame ba, ni na rame. Shekara 14 ina zaune da mutumin da ba ya cewa ko sannu. Kowa cewa yake in gode Allah yana ciyar da ni. Ina godiya. Amma akwai daren da nake zama a tsakar gida ni kaɗai in rasa wa zan gaya wa. Da na yi magana tun a shekarar farko wataƙila da ba haka ba. Ƙanwata, kar ki bari ya zame masa jiki.

'Yar Damagaram:
Mu ma nan Zinder fim ɗin Kano muke kallo, matsalar ɗaya ce. Amma ni tambaya gare ni, Amarya. Wancan malamin, har yanzu kuna magana?

Amaryar Bana:
Ba magana muke ba. Gaisuwar Sallah ya turo, na amsa don ba kyau a share mutum. Sai kuma ranar da na cika shekara ya yi min addu'a. Shi ke nan. Ni ban taɓa fara tura masa ba. Don Allah kar a juya maganar, ba a kansa na zo neman shawara ba.

Hajiya Babba:
Innalillahi. Kun ji ko? Ashe ba dikoda ya kamata a zare ba. 'Yata, ki goge lambar nan yanzu, kafin ki ajiye wayar. Da igiya uku a kanki kike amsa saƙon tsohon saurayi? Ranar da mijinki ya ce biki za ki, ranar wancan ya yi miki addu'a, kika ɗora su a sikeli. Shi wancan bai taɓa sayo miki ko gishiri ba, saƙo kuwa naira nawa ne? Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. In mijinki ya gani, ba mai tsaya miki, har Babanki.

Amaryar Bana:
Hajiya wallahi kin yi min mummunar fahimta. Ko da ban taɓa sanin wani ba, abin zai dame ni. Kuma kallon nan shi ne kaɗai abokin hirata, daga safe har dare ni kaɗai ce a gida, unguwar sabuwa ce ban san kowa ba. Ya ce ba zan koma makaranta ba sai na haihu. To in ya ɗauke kallon me zan yi?

Malama Ummu Hani:
Lambar kam ki goge, a nan ina tare da Hajiya. Amma zancen makaranta da kaɗaici ai shi ne babba, me ya sa ba ki faɗa tun farko ba? An yi maganar karatun kafin aure? Wa ya yi, Baba ko ke?

Anti Mai Kwalliya:
Ni da za ki ji tawa, ki bar masa katin na wata guda ki gani. In kin ji sauƙi, to. In ba ki ji ba, kin san ba fim ba ne.

Maman 'Yan Biyu:
A'a Anti, in ta bar masa wannan gobe wayar zai karɓe. Haka nawa ya fara.

Amaryar Bana:
Na gode muku duka. Gidan dai ban fasa tunaninsa ba, ko kwana biyu in yi wajen Umma in huta. Lambar ma ba a ajiye take ba, haddace ta na yi tun da, ba abin da zan goge. Na ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofa, sai anjima.

Malama Ummu Hani:
Amarya, ba ki amsa min zancen makarantar ba.

Maman Sultan:
Don Allah ko akwai wadda ta san yadda ake komawa kotu in uba ya daina kawo kuɗin ciyarwa? Takardar hukuncin tana hannuna.