Tambaya kan zari-ruga: me ya sa Penrith ke cin kofi amma kullum 'yan wasanta na tafiya?

Ɗan Kurna:

Salamu alaikum 'yan uwa. Na san yawancinmu a nan ƙwallon ƙafa muka sa a gaba amma ku yi haƙuri yau da wata tambaya daban na zo. Ina da ɗan gidan kallo a Kurna, to da hantsi kafin yara su fara shigowa ba abin da ake yi, shi ne na saba kunna zari-ruga na Ostireliya wanda suke ce wa NRL, mai 'yan wasa 13, don wasansu na dare wajen sha ɗaya na safe yake faɗowa a nan Kano. Wasa-wasa abin ya shiga raina, na kama Penrith Panthers tun fainal ɗin 2023 da Brisbane ta ba su 24 da 8 kowa ya cire rai sai Nathan Cleary ya juya wasan suka ci 26 da 24.

To ga abin da ya ɗaure min kai. Kulob ɗin nan ya ci kofi sau huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024, amma duk shekara sai manyan 'yan wasansa sun tafi, Burton ya tafi Bulldogs, Kikau ya bi shi, Crichton ma haka, sannan Jarome Luai da suka taso tare da Cleary tun suna yara ya koma Wests Tigers, kulob ɗin da ya yi na ƙarshe shekara uku a jere! Mu a ƙwallon da muka sani wanda ya ci kofi shi ke ƙara saye. Talauci ne ke damun Penrith ko me? Don Allah wanda ya sani ya warware min, abin yana ci min rai.

Malamin Zoo Road:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ba talauci ba ne, doka ce. Na yi karatu a garin Hull a Ingila, can wasan nan kamar Pillars ne a Kano, kulob biyu ne a garin Hull FC da Hull KR, to a nan na fara fahimtar tsarin.

A NRL akwai iyakar albashi. Kowane kulob an yanke masa adadin da ba zai wuce ba wajen biyan manyan 'yan wasansa 30 a shekara, a 'yan shekarun nan kuɗin ya haura dala miliyan 11 ta Ostireliya, kuma adadi ɗaya ne ga kowa, ko mai kulob ɗin ya fi kowa arziki ba zai ƙara ko sisi a kai ba. Yanzu ka duba Penrith, yaro ya fito daga makarantar horonsu ana biyansa kaɗan, ya yi shekara biyu ya ci kofi farashinsa ya ninka, irinsa kuma sun kai shida ko bakwai a lokaci guda, ina za ka sa su? Dole ka zaɓi waɗanda za ka riƙe, su sun riƙe irin su Cleary da Isaah Yeo da Dylan Edwards, sauran su nemi inda ke da sarari, kuma sararin a wajen kulob ɗin da ke ƙasan tebur yake don ba shi da taurarin da suka cinye kasonsa. Shi ya sa ka ga Luai a Tigers.

Wani abu kuma, can galibi ba a sayar da ɗan wasa kamar yadda muka saba. Kwantiragi ne ke ƙarewa, daga 1 ga Nuwamba idan saura masa kaka ɗaya yana da damar zama da wani kulob, shi ya sa za ka ga mutum ya sa hannu a wani wuri amma ya ƙara buga shekara guda cur a tsohon kulob ɗinsa. Penrith ba ta samun kuɗin ciniki a kan yaran da ta raina.

Akantan Kwari:

Malam ya yi bayani, ni bari na ƙara da ɓangaren da ya shafi sana'ata don ni littafin lissafi nake riƙe wa 'yan kasuwa a Kantin Kwari, kuma labarin Melbourne Storm duk akanta ya kamata ya san shi.

Ranar 22 ga Afrilu 2010 shugaban NRL na lokacin David Gallop ya fito ya sanar cewa Storm littafi biyu take riƙewa, ɗaya wanda take nuna wa mai binciken hukuma komai daidai, ɗaya kuma a ɓoye wanda ke ɗauke da ainihin abin da aka yi wa 'yan wasa alkawari. Shekara da shekaru ana haka. Da aka zurfafa bincike kuɗin da suka wuce iyaka da shi ya haura dala miliyan 3. Hukuncin fa ba wasa, an ƙwace kofunansu biyu na 2007 da 2009, an ci su tarar dala dubu 500, an sa su mayar da kuɗin kyauta dala miliyan 1.1, sannan aka ce duk wasan da za su buga a kakar 2010 ba maki, ko sun ci ko ba su ci ba. Ka yi tunanin ɗan wasa ya fito ana gwara shi da ƙasa minti 80 ya san ba abin da zai hau tebur. Kofunan nan biyu kuwa ba a ba kowa ba, shekarun nan haka suke fanko a tarihin gasar har yau. Dole ta sa suka rabu da Greg Inglis ya koma South Sydney.

Kafin su ma an yi wa Bulldogs a 2002, suna saman tebur aka zabge musu maki 37 suka koma na ƙarshe, Parramatta kuma a 2016 maki 12 da tarar dala miliyan 1. Ƙofar da aka fi bi wajen maguɗin ita ce kuɗin talla, don doka ta yarda kamfanin da ba ruwansa da kulob ya biya ɗan wasa kuɗin talla ba a lissafa a cikin iyakar ba, to sai kulob ya zagaya ta baya ya shirya abin da kansa ya ce ba hannunsa. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne. Abin da ya fi burge ni shi ne Storm ɗin nan ta dawo ta ci kofi a 2012 da hannu mai tsabta, kenan tun farko ba ta buƙatar satar.

Alhajin Sabon Gari:

Ni fa ku gafarce ni ban yarda da tsarin nan ba ko kaɗan. Kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi kenan, ka ɗauki yaro tun yana shekara 14 ka horar da shi ya zama mutum sannan doka ta ce ba ka da ikon riƙe shi alhali kana da kuɗin? Kuma shi ɗan wasan fa, wasa ne na karya ƙashi, shekara goma in ya yi sa'a, sai a sa wa abin da zai samu murfi. Ku tuna asalin wasan ma a kan haƙƙin ɗan wasa aka kafa shi, 1895 a Huddersfield kulob-kulob na arewacin Ingila suka ɓalle daga hukumar zari-ruga ta ƙasar saboda an hana su biyan leburorin ma'adinai da na masaƙa kuɗin ranar aikin da suka rasa don buga wasa. Kuma ɗanmu Martin Offiah da iyayensa 'yan Najeriya ne, Wigan ta saye shi daga Widnes fam dubu 440 a 1992, ba a taɓa sayen ɗan wasan zari-ruga mai 'yan wasa 13 da tsada haka ba a lokacin, Widnes ta amfana shi ma ya amfana. Haka kasuwa take.

Malamin Zoo Road:

Alhaji maganarka a kan wanda ya raini yaro tana kan hanya, su ma sun gani, a Super League ta Ingila inda iyakar take wajen fam miliyan 2.1 sun ba da damar ware ɗan wasa na musamman a biya shi ko nawa ne amma wani ƙayyadadden kaso kawai za a lissafa, in kuma ɗan gida ne kason ya fi sauƙi. Sai dai ka tuna abin da ya faru a Ostireliya daga 1995 zuwa 1997 da kamfanin Rupert Murdoch ya ja daga da hukumar wasan, aka yi ta zuba kuɗi ba lissafi albashi ya yi tashin gwauron zabi, da ƙura ta lafa wasu kulob sun mutu wasu dole aka haɗe su, ita kanta Wests Tigers haɗakar Balmain da Western Suburbs ce. Kuma ba sama kaɗai aka toshe ba, akwai mafi ƙarancin albashi da ya haura dala dubu 100 a shekara ga duk wanda ke cikin 30 ɗin nan, hukuma kuma na ba kowane kulob tallafi daga kuɗin talabijin da ya fi ƙarfin albashin gaba ɗaya.

Yayan Gola:

Wannan na ƙarshen shi ya taɓa ni Malam. Ƙanena gola ne, ya buga kaka biyu a wani kulob a nan arewa, ba zan kama suna ba, kuɗin sa hannu rabi aka ba shi, albashin wata biyar har yau shiru, da ya gurɗe a gwiwa mu muka yi karo-karo a gida muka kai shi asibiti, takardar kwantiragin ma ba a ba shi kwafi ba. Yanzu yana taya ni a shago a Farm Centre. Mu a nan ba wanda ke kukan an biya ɗan wasa da yawa, wanda aka yi alkawarin ma a gani a hannu. Da akwai mai binciken da zai buɗe littafin kulob ya zabge maki kamar yadda Akanta ya faɗa, wallahi da yaron nan yana fili har yanzu.

Ɗan Kurna:

Allah ya saka da alheri gaba ɗaya, yanzu na gane, Yayan Gola Allah ya ba ƙaninka lafiya ya fitar masa da haƙƙinsa. Alhaji har yanzu raina yana tare da kai a kan Luai gaskiya. Malam saura tambaya ɗaya, na ji Perth za ta shigo gasar a 2027 sannan kulob ɗin Papua New Guinea a 2028, su da za su tara mutum 30 daga farko, iyaka ɗaya za a ba su da kowa ko za a ɗaga musu ƙafa? Ina tsoron kar su zo su kwashe mana sauran yaran.