Kunun zaƙin da kuka fara damawa da hannunku, yaya ya fito?

Amaryar Bana:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekaranjiya na yi kunun zaƙi karon farko tun da na tare, har yanzu abin yana cin raina. Na jiƙa gero mudu ɗaya ya kwana, na wanke, na zuba citta da kanumfari da masoro da busasshen dankalin Hausa, aka kai markaɗe. Da ƙullun ya dawo sai na tafasa ruwa na sheƙa masa gaba ɗaya, na rufe. Da safe na buɗe bokiti na tarar da abu kirtif kamar talge, muciya tana tsayawa a tsakiya. Tata ta gagara. Na yi ta ƙara ruwa da sukari amma ɗanɗanon nan bai zo ba, ga dangin maigida sun zo yini. Don Allah kowa ya faɗa mini yadda nasa na farko ya kasance.

Maman 'Yan Biyu, Zariya:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, dankalin kika kashe da tafasasshen ruwa. Ni ma haka ta faru da ni, sai dai ni na raba ƙullun biyu kamar yadda aka ce, na dama babban kason, amma ban jira ba na juye ɗanyen a kai yana tururi. Surukata, Allah Ya jiƙanta, ita ta zaunar da ni. Ta ce a markaɗa dankalin daban da ɗan gero kaɗan a ajiye gefe. Kashi biyu cikin uku na ƙullun shi ake damawa har ya yi kauri. Sai a bar shi ya sha iska. Ta kama hannuna ta ɗora a jikin robar ta ce in ƙirga goma; in na iya jurewa amma da ƙyar, lokaci ya yi.

Abin da na gani ranar ban manta ba. Ta zuba ɗanyen tana juyawa, muciya tana tafiya da nauyi. Kafin mu gama gyaran kayan miya ta ce in leƙa. Kaurin nan duk ya saki, kunun ya tsinke, muciya tana yawo. Na ɗanɗana, ga zaƙi, alhali ko ƙwayar sukari ba a sa ba. Aka rufe ya kwana, da asuba muka tace, ɗan tsamin nan mai daɗi ya shiga.

Malamin Kimiyya:
Hajiya ta gama magana. A cikin ɗanyen dankali da tsiron hatsi akwai sinadarin da ake kira amilas, shi ke yanyanka sitacin da ya dahu ya mai da shi sukari. Yana son zafi, amma ruwan da ya kai digiri 100 yana kashe shi. Tsamin kuma aikin wasu ƙwayoyin halitta ne dangin masu mai da madara nono.

Ni a wajen yin tsiron hatsin da zan sa a kunun na faɗi. Na jiƙa shinkafa shanshera kwana ɗaya, na baza, na lulluɓe da leda wai don ta yi saurin fitowa. Kwana uku na ɗaga, fumfuna ta yi mata baƙi-baƙi, ga wari. Zubarwa na yi, don hatsin da ya yi fumfuna ba abin sa wa ciki ba ne. Karo na biyu na sa jiƙaƙƙen buhun algarara a inuwa, ina yayyafa ruwa safe da yamma. A kwana na huɗu farin tsiro ya fito, na shanya ya bushe ƙarau.

Ɗalibi a Jamus:
Gero na samu a shagon Indiyawa, tsiro kuwa babu. Wani abokin karatu ya nuna mini shagon da ke sayar da kayan masu haɗa giya a gida: bokiti mai famfo, tsinken auna zafi, tsiron sha'ir, yis. Na jima a bakin ƙofa ina wasiwasi kafin na shiga. Tsiron da tsinken kawai na saya. Mai shagon ya ce in riƙe zafin a wajen digiri 65 na awa guda, kuma wallahi daidai yake da gwajin hannun surukar Hajiya. Su daga nan sai su tafasa ruwan da wani fure mai ɗaci, ya huce, su zuba yis su rufe mako ɗaya zuwa biyu. Ni a matakin farko na tsaya. Matsalata sanyi: kicin ɗin bai wuce digiri 18 ba, kunun ya kwana babu tsami ko kaɗan, sai da na matsar da tukunyar kusa da abin ɗumama ɗaki.

Mai Kunun Layinmu:
Ku kiyayi gora. Na fara na sayarwa cikin azumi, watan Afrilu, zafi ya kai digiri 40. Na tace tun dare, na sa sukari, na cika gora talatin har wuya na ɗaure tam. Aka ɗauke wuta. Kafin la'asar gorunan sun kumbura sun yi tauri kamar dutse. Na murɗe guda, murfin ya yi tsalle, kumfa ta wanke mini zane, ƙamshin ya canza ya koma wani tsami mai hawa kai. Duk na tuttular a kwata ina hawaye, jarina ke nan. Ba zan ba mai azumi abin da nake shakka a kansa ba. Yanzu sai zan ɗura nake sa sukari, in bar sarari a wuyan gora, in jera cikin ƙanƙara, kuma ba na yin wanda ya wuce cinikin yini.

'Yar Kafanchan:
Anti, kin yi daidai. Maƙwabtanmu da tsiron dawa suke dafa burkutu, mun taso muna ganin shanyarsa a tsakar gida. Shi ya sa mamarmu ba ta yarda kunu ya kwana biyu a waje. Da ta ji yana tsuwa a murfi, ta ce a zubar.

Amaryar Bana:
Allah Ya saka muku da alheri. Jiya na sake da rabin mudu, na ware dankalin, na yi ƙirgen goma. Ya tsinke kamar yadda Yaya ta ce, cokali uku na sukari ya ishe shi. Saura gari yana kwanciya a ƙasan jug, ban sani ba ko ƙyallen tatar ne ya yi faɗin ido ko markaɗen ne bai yi laushi ba.