Gaɓa da dami: neman Hausar "stage" da "cluster" a harkar ƙananan rokoki

1/ Jama'a, ina neman taimakon masu Hausa a baki. Kalmomin Turanci biyu sun tsaya mini a maƙoshi, "stage" da "cluster", yadda masu ƙera ƙananan rokoki don sha'awa ke amfani da su. Ina da shawara a kan kowacce, amma bari in fara nuna muku abin, kada mu raɗa wa jaririn da ba mu gani ba suna.

2/ Rokar da nake nufi ba ta yaƙi ba ce. Bututun kwali ne da fikafikan katako marar nauyi, da kai mai tsini, da 'yar laimar da za ta sauko da ita a hankali a naɗe a ciki. A Amurka harkar ta tsiro. Orville Carlisle, mai sayar da takalma a jihar Nebraska, shi da ɗan'uwansa Robert suka haɗa injinta a 1954. G. Harry Stine, ma'aikaci a filin gwajin makamai na White Sands, ya gwada ya gamsu, suka kafa ƙungiyar da yau ake kira National Association of Rocketry a 1957. A shekarar ce Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam Sputnik, samari masu son yin tasu rokar suka dinga ɗura sinadarai a bututun ƙarfe suna rasa yatsu da idanu. Maganin da aka kawo shi ne: ka ƙera jikin rokarka da hannunka, amma inji na masana'anta za ka saya. Har gobe dokar ke nan. Vernon Estes, wanda ya buɗe kamfaninsa a Denver a 1958, shi ya ƙera na'urar da ta sa injin ya yi araha.

3/ Injin kuwa ba shi da fistin ba shi da giya. Kwanson takarda ne mai kauri, wanda aka fi sani tsawonsa milimita 70, kaurinsa 18, an danƙare albarushi a ciki, an toshe ƙasan da yumɓu mai ɗan rami. A jikinsa za ka ga an buga kamar C6-5. Harafin yana faɗin jimillar ƙarfinsa, kuma kowane harafi ninkin na bayansa ne: B biyun A, C biyun B. Lamba 6 matsakaicin turinsa ne. Lamba 5 kuma daƙiƙun da zai jira bayan albarushin ya cinye, kafin ya yi 'yar fashewar da ke tunkuɗo laima waje.

4/ To ga "stage". Roka biyu ce aka ɗora ɗaya a kan ɗaya, kowacce da injinta da fikafikanta. Ta ƙasa ana sa mata inji mai sifili a ƙarshe, kamar C6-0: ba jira, ba laima. Da wuta ta cinye albarushin ta huda samansa, tartsatsi ya yi sama ya shiga ramin injin da ke bisa ya kunna shi. Masu harkar kan haɗa bakin injinan biyu da salatif zagaye ɗaya tak, don ya riƙe su na ɗan ƙiftawar ido har wutar ta kama, sannan ya sake. Ɓangaren ƙasa ya ɓalle ya faɗo yana wulwulawa, na sama ya ci gaba ba tare da jan mataccen nauyi ba. Hikimar duka ke nan.

5/ Na san da yawa za su ce "mataki". Ban yarda ba. Mataki ana taka shi ne a wuce, yana nan inda yake. Wannan kuwa abu ne da za ka riƙe a hannu, ka shafa masa gam, ka bi shi cikin ciyawa ka tsinto. Ka ce wa yaro "je ka ɗauko matakin da ya faɗi" ka ga irin kallon da zai yi maka.

"Hawa" ya fi kusa, tunda muna cewa bene mai hawa uku. Matsalar, roka aikinta hawa. "Hawan farko ya ƙone yayin hawa" ba magana ba ce.

6/ Shawarata: gaɓa. Ku dubi karan dawa. Gaɓa kan gaɓa, a miƙe, kuma in zai karye a mahaɗar yake karyewa. Roka mai gaɓa biyu, roka mai gaɓa uku. Ta ƙasa, wadda Turawa ke kira "booster", gaɓar gindi. Ta sama, "sustainer" ɗinsu, gaɓar kai. In uku ne, ga ta tsakiya, ba sai an ƙirƙiro mata komai ba.

Wata malamar Hausa ta amsa:
Malam, ka tsallake zango. Fatake zango-zango suke tafiya, a makaranta ma muna da zangon karatu. Roka mai zango biyu ya fi daɗin faɗa, kuma ya nuna tafiyar ce ta kasu.

7/ Malama, Allah ya ƙara basira, kin taɓo inda Turancin ya cakuɗa abu biyu. Su da kalma ɗaya suke kiran guntun rokar da kuma lokacin da guntun ke aiki. Mu ba dole mu bi su ba. Gaɓa ita ce abin, zango shi ne tafiyar. "A ƙarshen zangon farko gaɓar gindi ta ɓalle." Kin ga kowacce ta zauna a mazauninta. Af, shi kansa Konstantin Tsiolkovsky na Rasha, da ya yi bayanin irin wannan roka a 1929, da jirgin ƙasa mai taragu ya kwatanta ta, don haka ba mu muka fara laluben suna ba.

8/ Saura "cluster". Nan ba ɗorawa ake yi ba, jerawa ake yi: inji biyu, uku, huɗu kafaɗa da kafaɗa a gindi ɗaya, su tashi tare. Ana yin haka don ɗaga roka mai nauyi, domin ƙarfinsu haɗuwa yake yi. C uku sun kai ajin E. Wahalar tana wajen kunnawa. Kowane inji da 'yar wayarsa mai kunna shi, kuma dole lantarki ya isa gare su a lokaci guda, shi ya sa ake barin ƙananan batura a koma batir mai bolt 12, a raba wayar zuwa bakin kowane inji. In ɗaya ya ƙi kamawa, turin ya karkace, roka ta bar sandar da ake harba ta a kai ta yi gefe. Dokar ƙungiyar kuma ta ce in ka danna maɓallin harbi ba ta tashi ba, ka cire makullin na'urar harbin ka jira daƙiƙa 60 kafin ka matsa kusa.

To me za mu kira shi? Gungu na mutane ne ko na ɓarayi, ba shi da tsari. Tari zube yake. Tagwaye ya yi, amma daga biyu ya tsaya. Ni dami na zaɓa: kara a jere, kawuna waje guda, an ɗaure tamau. Kuma ga shi gida ɗaya suka fito da gaɓa, wanda ya gane ɗaya ya gane ɗayar.

Wani dattijo ya amsa:
Yaro, ka taɓa ƙirga hatsi a rumbu kuwa? In ka ce roka mai dami uku, ni abin da na ji shi ne dami ɗaya, dami biyu, dami uku. Kai kuma inji uku kake nufi a dami guda. Ka gyara kafin ka rikita mutane.

9/ Baba, ranka ya daɗe, gaskiya ce. To ƙirgar ta koma kan inji: dami mai inji uku. In gwada da manyan rokoki, don kalma in ba ta ɗauki babba ba ba ta da amfani. Saturn V, wadda ta ɗaga 'yan saman jannatin Apollo 11 zuwa wata a 1969, gaɓa uku gare ta, gaɓar gindinta dami ce mai inji biyar. Falcon 9 gaɓa biyu, dami mai inji tara. N1 ta Sobiyet dami mai inji 30 ta ɗauka a gindi, an harba ta sau huɗu tsakanin 1969 da 1972, ko sau ɗaya ba ta kai ba. Ban ji inda harshe ya yi tuntuɓe ba.

10/ Ga jimlar da na fi so in gwada su da ita, don nan ne masu haɗa dami da gaɓa a roka ɗaya suke shan wuya. Duk injin da ka ƙara a gindi yana jan cibiyar nauyi baya, alhali roka ba ta miƙewa sai cibiyar nauyi tana gaban cibiyar iska, wato inda bugun iska ke tattaruwa a jikinta, da aƙalla faɗin bututun sau ɗaya. Don haka gaɓar gindi mai dami sai ta sami manyan fikafikai, kuma a auna sau biyu: rokar a haɗe, da gaɓar kai ita kaɗai. Lissafin James Barrowman na 1966 ake bi, yanzu manhajar OpenRocket ke yi wa mutum kyauta. In fikafikan sun yi yawa kuma, sai rokar ta riƙa juya kai tana fuskantar iska, gaɓar kai ta kama wuta a karkace, ka yi ta neman ta a gonar mutane.

Malamar ta sake cewa:
Na karɓi gaɓa da zango a rabe. Amma "inji" fa? Abin da ba ya juyawa, sau ɗaya ake amfani da shi a yar. Wani zai ce harsashi.

11/ Harsashi kam a'a, Malama. Kamannin akwai, amma ɗalibin da zai ce ya yi odar harsashi uku don aikin makaranta ya jawo wa ubansa magana. A bar shi a inji. Abin da nake so ku taya ni da shi yanzu shi ne lambar nan ta ƙarshe, 5 ɗin da ke cikin C6-5. "Jinkiri" na ji kamar laifi ne, "jira" kuma ya yi sako-sako. Ni "dako" nake hange, a ce inji mai dakon daƙiƙa biyar, inji marar dako na gaɓar gindi. Baba, kai da ka kama ni a ƙirgar dami, dako ya zauna ko da saura?